Injiniya Tagwai da Fambel ɗin Motar Amarya

A Narayi, in ka ce kana neman gidan Benjamin Tagwai, tsayawa za a yi ana kallonka. Amma ka ce Injiniya, ko mai gasa masara a bakin titi za ta nuna maka ƙofar da mafici. Babu jami'ar da ta ba shi wannan suna. Shi ya raɗa wa kansa, ya kuma kafe a kai har unguwa ta gaji ta karɓa.

Ba kuma ƙarya ce zalla ba. Shekara goma sha tara ya yi a wata masaƙa a Kakuri yana gyaran injinan saƙa, har ya zama shugaban masu gyara a sashensu, da mutum bakwai a ƙarƙashinsa. A zamanin, in bel ya tsinke shi ake kira a guje, shi kuwa ya taho a hankali da sifana a aljihun baya, don kowa ya san ba a yi wa gwani gaggawa. Da kunne kaɗai yake gane injin da zai lalace jibi. Wannan ko maƙiyinsa ya yarda.

Sai masaƙa ta rufe. Abokan aikinsa kowa ya kama gabansa. Wasu suka koma gida noman citta, wasu suka hau babur suna acaɓa. Malam Usman, wanda a da shi yake ɗaukar masa akwatin kayan aiki, ya ajiye girma ya je ya durƙusa yana koyon kanikanci da gemunsa, yanzu ga shi da gareji nasa na kansa a Makera. Injiniya kuwa ya ce shi ba zai zubar da darajar sana'a ba, zai jira a sake buɗewa. Ya jawo benci ƙarƙashin mangwaron ƙofar gida ya zauna. Yau shekara ashirin ke nan yana bakin wannan aiki, kuma a yaba masa, bai taɓa makara ba.

Daga kan bencin yake gyara ƙasa. Ya san abin da ya kashe masaƙu, ya san abin da zai kawo wuta, ya san yadda za a yi titin Narayi ya daina cin tayoyi. Abin da bai sani ba shi ne yadda tuwo yake zuwa cikin kwano. Wannan ɓangaren matarsa ce, Mama Ladi, mai sayar da doya da wake a kasuwa. Ita ta riƙe yara huɗu har suka zama mutane, kuma ba ta taɓa fita waje da maganar ba. In matan Zumunta a coci suka tambaye ta mai gida, sai ta ce, "Yana nan yana fama." Gaskiya ta faɗa, ba ta dai ce da me ba.

Abu ɗaya da ya mallaka shi ne mota, tsohuwar tokumbo ruwan toka da ya saya da kuɗin sallama. Kullum da safe sai ya wanke ta, ranar Lahadi kaɗai take taka titi.

To, bana aka sa ranar auren Hadassah, 'yar autarsu, ma'aikaciyar jinya, da wani yaro mai hankali ana ce masa Derrick. Dangin ango suka ce sun tanadi jif mai sanyi da za ta ɗauki amarya zuwa coci. Injiniya ya yi tsalle ya dire. Ya ce 'yarsa ba marainiya ba ce da za ta shiga motar aro, ubanta yana da mota. Mutane suka ce taurin kai ne, kuma akwai shi. Amma akwai abin da bai faɗa wa kowa ba. Ya sani sarai ba shi ya kai yarinyar nan makaranta ba, ba shi ya ɗinka mata ko rigar Kirsimeti ɗaya ba tun tana shekara huɗu. Abu biyu suka rage masa a duniya da zai yi mata a matsayin uba: ya kai ta coci da hannunsa, sannan in fasto ya tambaya wa ya ba da wannan mace ga aure, ya miƙe a gaban jama'a ya ce, "Ni ne." Yana tsoron ranar, yana kuma ɗokinta kamar yaro.

Ana saura mako guda motar ta fara kuka. Da an tashe ta sai wani ƙara mai tsini ya fito daga gaba, har kajin maƙwabta su watse. Fambel ne, wato bel ɗin roba guda ɗaya da yake zagaya gaban injin yana juya altaneta da famfon ruwa da sauransu. Ya tsufa, duk ya tsattsage.

Mama Ladi ta ce, "Baban Hadassah, ka kai wa Malam Usman mana. Minti nawa zai ɗauke shi?"

Ya dube ta kamar ta zagi kakansa. "Usman? Usman da na koya wa riƙon sifana? Ladi, bel fa aka ce. Bel! Na sa bel ya fi gashin kanki yawa."

"To Allah ya ba da sa'a," in ji ta, ta ɗauki kwandonta ta fita.

Ranar Juma'a, jajibirin biki, ya je wajen masu kayan mota a unguwar Television ya sayo sabo, bayan ya yi wa mai shagon lacca a kan yadda roba ta lalace a zamanin nan. Ya dawo da rana tsaka, gida cike da mata ana yankan albasa. Ya zaɓi daidai inda kowa zai gan shi ya ɗaga bonet, ya shimfiɗa kayan aikinsa a kan buhu, ya jera su daga babba zuwa ƙarami.

A masaƙa akwai wata doka da kowane mai gyara yake koya tun makon farko. Tsohon bel ba a cire shi da ransa. Yanka shi ake yi yana kan injin, a datsa shi gida uku, don kada wani ya naɗe shi a ƙugu ya fita da shi ya sayar wa masu injin niƙa. Shekara ashirin ba su goge wannan daga hannun Injiniya ba. Kafin ya yi tunani hannunsa ya riga ya zaro wuƙa. Ya yanke fambel, ya zare shi, ya datsa gida uku cif, ya jefar a kwandon shara, a gidansa, inda babu mai gadi babu ɓarawo.

Sai da ya ɗauko sabon ya leƙa, sannan ya ga abin da ya yi. Bel ɗin masaƙa tsakanin fuli biyu yake, wato faifan ƙarfen da bel yake hawa, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ko makaho zai mayar. Nan kuwa fuli shida ne suke kallonsa, manya da ƙanana, kuma bel ɗin sai ya bi gaban wannan ya kewaya bayan wancan. Wanda ya san hanyar shi ne tsohon, ga shi can cikin ɓawon albasa. Bai zana ba, bai ɗauki hoto ba, bai ma tsaya ya kalla ba.

Da wani ne, da ya kira Malam Usman a Makera. Injiniya ya tuɓe riga.

Awa uku ya yi. Ya bi ta nan bel ya yi sako-sako, ya bi ta can ya ƙi kaiwa. Ya ƙuje yatsu, ya zagi Turawa, ya zagi mai shago. Hadassah ta kawo masa ruwa ta ce, "Daddy, ka bari kawai, jif ɗin nan fa tana nan." Ya ce ta koma ciki kada ta yi baƙi. Can wajen la'asar ya dace da wata hanya da tsawon ya yi daidai. Ya danne ajasta, ƙarfen da yake ɗaure bel ɗin, ya zura, ya saki. Ya murɗa makulli. Mota ta tashi shiru, ba kuka ba tari.

Ya bar ta minti biyu ya kashe, don mai ya yi tsada. Sannan ya zaga tsakar gida yana goge hannu, yana tambaya ko akwai wanda har yanzu yake son a kira Usman. Abin da minti biyu ba su isa su nuna masa ba shi ne ya bi da bel ɗin ta bayan famfon ruwa maimakon gabansa. Famfon yana juyawa kam, amma da baya.

Asabar da safe aka ɗaura wa mota ribon fari da ruwan hoda. Injiniya ya sa babbar riga fara sol. Hadassah ta shiga baya da uwarta, rigarta ta cika kujera. Cocin a Kakuri yake, inda aka yi mata baftisma, kuma ƙarfe goma za a fara. Jif ta biyo su a baya babu kowa sai direba da ƙawaye biyu, abin da ya yi wa Injiniya daɗi ƙwarai. Yana tuƙi yana ɗaga wa mutane hannu, har waɗanda bai sani ba.

Suna shiga Barnawa allurar zafi ta haye sama. Ya gani ya yi kamar bai gani ba. Sai tururi ya fara fitowa ta gefen bonet, sai wari. Dole ya gangara gefen titi.

Kowa ya tsaya. Cikin masu rakiya har da Malam Usman a kan babur, cikin shadda sabuwa, ya zo bikin 'yar tsohon ogansa. Ya sauka, ya leƙa injin sau ɗaya, ya gane komai, amma mutum ne mai kunya. Ya matso kusa ya rage murya.

"Oga, ka bar ta nan. Na san mai shagon can, zai duba mana ita. Ka shiga jif da amarya, in an tashi biki mu dawo tare."

Da wani ne ya faɗa, da wataƙila ya ji. Amma Usman ne, kuma a gaban mutane. Ban da haka, a masaƙa ba a taɓa jin mai gyara ya bar injin a tsaye ya tafi ba.

"Minti goma," in ji shi. "Ku yi gaba. Kafin ku gama gyara mata mayafi na iso."

Hadassah ta leƙo ta taga. "Daddy, don Allah. Ba motar nake so ba."

"Na ce minti goma, 'yata."

Mama Ladi ta buɗe ƙofa ta fito. Ta tattara jelar rigar amarya ta rungume, suka tsallaka cikin jif. Usman ya ce zai tsaya ya taimaka, Injiniya ya ce ya gode, ba ya bukata.

Sai da ya jira injin ya huce, don ba ya taɓuwa. Ya cire babbar riga ya ninke. Da ya rage daga shi sai injin, babu mai kallo, sai ya yi abin da ya kamata ya yi tun jiya: ya tsaya ya duba. Ya shafa fuli ɗaya bayan ɗaya. Wasu masu tsagi ne, wasu sumul. Masu tsagi cikin bel suke so, masu sulɓi kuwa bayansa. Kai, abin ma a fili yake! Nan take hanyar ta fito masa a ka tiryan-tiryan. Ya zare, ya mayar, ya roƙi ruwa a shago ya cika lagireto. Ya tayar. Allura ta hau tsakiya ta tsaya cak.

Daɗin da ya ji ba ya faɗuwa. Shekara ashirin rabon da injin ya mutu ya tashi a hannunsa, shi kaɗai, da basirarsa. Har ƙwalla ta zo masa. Bai duba agogo ba, da ya duba da ya ga sha ɗaya ta wuce.

A coci kuwa an jira shi. Hadassah ta ƙi shiga, 'yan kwaya suka yi waƙa har ta ƙare suka sake daga farko. Amma akwai wani auren ƙarfe sha biyu, fasto ya ce ba zai iya ƙarawa ba. Ta shiga tana waiwayen ƙofa.

Injiniya ya shigo harabar coci ribon yana kaɗawa. Ya hango babur ɗin Usman a jikin katanga, sai ya je ya tsaya dab da shi, kusa da taga. Da ya kashe mota ya ruga a lokacin, da ya samu. Amma ya ga bai kamata irin wannan aiki ya wuce ba shaida ba. Ya taka totur sau ɗaya, injin ya amsa. Ya sake takawa, ya daɗe a kai, yana kallon allura yana murmushi, don na ciki su ji, musamman mutum ɗaya. Ƙarar ta cika masa kunne, bai ji lasifikar da ke saman ƙofa ba.

Da ya gamsu ya murɗa makulli. Shiru ya sauka, sai muryar fasto ta fito tar.

"Zan tambaya karo na uku, kuma na ƙarshe. Wa ya ba da wannan mace ga aure?"

Ya kai hannu ga murfin ƙofa. Hannun duk baƙin mai ne, ya zame. Ya ji motsin benci a lasifika, sannan muryar da ya sani shekara talatin da biyar, ba ta rawa, ba ta kuma ɗagawa.

"Ni ce."

Coci ya ɗauki tafi, mata suka rangaɗa guɗa. Ba a yi jinkiri ba, ba a yi gunaguni ba, babu wanda ya ji amsar ta zo masa baƙuwa. Wannan ne ya fi yi masa ciwo, don shi ma da ya ji, ya san ba a yi kuskure ba.

Ya saki murfin ƙofar. Babbar rigarsa tana ninke a kujerar gefe, fara tas, ba ya iya taɓa ta da waɗannan hannuwa. Ya zauna gilashi a rufe, hawaye yana bin fuskarsa, ya buɗe baki a hankali ya ce, "Ni ne."

A ciki an riga an wuce zuwa zobe.