Nauyin Bishir

Ranar wata Laraba ce, cikin daminar shekarar da na shiga aji huɗu na firamare. Na dawo gidanmu na Ƙofar Marusa, ko kayan makaranta ban tuɓe ba na faɗa ɗakin Inna wurin ƙanena Bishir, wanda zazzaɓi da gudawa suka kwantar har aka hana ni goyonsa. Na sunkuya na tattara ƙarfina yadda na saba, na cicciɓe shi, sai hannuwana suka yi sama da sauri, na yi baya taga-taga kamar zan faɗi. Yaron da muke tsokana da buhun gero ya koma kamar faifai. Ya buɗe ido da ƙyar ya ce, "Yaya, sama."

Wasanmu ke nan kullum. Idan na gama shara da wanke-wanke, sai in fito da shi gindin itacen bedin tsakar gida in cilla shi sama in cafe, yana ƙyalƙyala dariya, Inna na faɗa daga madafa kada in karya mata ɗa. Ban taɓa auna shi ba, amma hannuwana sun haddace nauyinsa sarai. Na kuma san irin wannan taga-taga, don yayyena maza sukan juye ruwan tulu a ɓoye su rufe bakinsa, su aike ni in ɗauko. In yunƙura da ƙarfi, tulun ya taso fayau, gida ya kaure da dariya. Inna takan ce, "Hannu ya riga ido lissafi."

A ranar nan babu wanda ya yi dariya. Duk kwanakin ciwon, kowa na tambaya sai ya ce mini da sauƙi, ni kuma na yarda. Da Inna ta ga tangal-tangal ɗina, sai ta juya fuskarta bango, ta ce a hankali, "Aje shi, Binta." Ban cilla shi ba. Na rungume shi kawai, ina jin ƙasusuwan bayansa a tafin hannuna. Ranar Juma'a da hantsi Allah Ya karɓi abinsa.

Sai da na je sakandare malamar kimiyya ta bayyana mana cewa kafin mutum ya motsa, ƙwaƙwalwarsa ta riga ta yi kirdadon abin da jiki zai ji, ta tanadi ƙarfi daidai da shi. 'Yan aji suna ta rubutu, ni kuwa na kifa kai a tebur.

Yanzu an sare bedin, famfo ya kori tulu, Inna ma ta bi Bishir, Allah Ya jiƙansu. Jikoki sun cika mini gida. Amma duk sanda na sunkuya zan ɗauki mai zazzaɓi a cikinsu, sai na tsaya na yi bismilla, ina roƙon Allah Ya sa in ji shi da nauyi.