Wuyan Rigar Sojan Roba

A unguwarmu a Gwaram da wuya ki sami macen da Inna Kubra ba ta taɓa zagaya wa awo a wuya ba. Tela ce ta cikin gida, kekenta na ƙafa yana bakin ƙofar ɗaki inda haske yake. Ga iya ɗinki, ga baki. In kika ce a buɗe miki wuyan riga sosai, sai ta leƙo ki ta saman tabarau ta ce, "Riga za ki sa ko taga?" Ni Hapsatu katanga ce kawai tsakaninmu, na sha wannan baƙar magana har ta daina yi mini zafi.

'Yar malamai ce daga Dingaya. Mahaifinta bai hana yara wasa da 'yar tsana ba, amma duk wadda ta shigo gidansa sai ya ɓalle mata kai tukuna, don ba ya son siffa a gida. A kan waɗannan marasa kai ta koyi riƙe allura, tana tsintar ƙyallaye tana yi musu riguna.

Ɗa ɗaya Allah ya bar mata, Abdulnasir, yana aiki a Fatakwal. Ba ta kama sunansa, sai dai "wancan na kudu". Can aka haifi jikanta, aka sa masa sunan marigayi mijinta, Malam Sulaimanu. Tun da aka kawo shi a zanin goyo hannunta bai sake taɓa shi ba, ga shi har ya shiga makaranta. Kowace salla a ce suna tafe, kowace salla hutu bai samu ba. Ni abin yana ƙona mini rai, ita kuwa sai ta kare ɗanta ta ce aiki ne. Amma da mota ta tsaya a bakin layi, ƙafarta ma sai ta tsaya a kan keke.

A wayata suke ganin juna, don tata ƙarama ce mai tocila. Wata rana yaron ya ɗago wani sojan roba, tsawon tafin hannu, mai gaɓoɓi masu lanƙwasuwa.

"Kaka, sojana ba shi da kayan salla."

"Haba maigida, kana da mata tela sojanka ya yi salla da kayan aiki?"

Ba ƙyallen kowa ta ɗauka ba. Ƙasan akwati ta shiga ta ciro shuɗiyar shaddar Malam, wadda ko ni ba ta bari in taɓa, ta yanki bakin hannun. Ta yi ɗan kaftani har da aljihu, ta yi wa wuyan aikin hannu da farin zare. Aka ba Jafaru, direban da ke lodi a Birnin Kudu zuwa kudu.

Da muka kira, kuka muka tarar. Riga ta ƙi wucewa ta kai. Sojan ƙaton kai gare shi, ga hular kwano a manne, wuyan rigar kuwa ko karan dawa da ƙyar zai shiga. Inna ta yi dariya har da hawaye ta ce, "Wallahi ban taɓa yi wa ɗan tsana mai kai ɗinki ba."

Abdulnasir ya ce bari ya auna kan da zare ya faɗa mata. Ta ce a'a, ba a gyara wuya daga nesa, sai an kawo mai riga. Yaron kuwa ya riga ya faɗa cewa sojansa ba ya zuwa ko'ina ba tare da shi ba. Na dube ta, ta kawar da kai. Matar da za ta hango ki daga zaure ta yanka miki wuyan riga daidai! Washegari ta sa aka shafe ɗakin baƙi, ta sayi zakara ta fara ba shi dusa.

Ranar da Jafaru ya yi sallama, ɗan kwali ne a hannunsa, soja da rigarsa a ciki. Ta karɓa, amma idonta yana bayansa.

"Su fa?"

"Sun ce a gaishe ki, Inna. Sai babbar salla in Allah ya yarda."

Ta ajiye soja a kan keke ta ƙi taɓa shi. Yau ido ne ke ciwo, gobe zaren bai dace ba. Na gane garkuwa take yi da shi, ban kuwa ga laifinta ba.

Wata rana da hantsi ta ƙwala mini kira ta kan katanga. Na same ta tana shafa hular sojan da babban yatsa. Duk gefen hular a tattaune yake.

"Hapsatu, haƙoransa ne. Duba nan tsakiya, wushirya gare shi irin ta Malam. A wayar nan taki ba na gani."

Muka kira. Uwar yaron ta ce tun da soja ya tafi barcinsa bai daidaita ba, don da shi a baki yake kwana. Yaron da kansa ya miƙa wa direba, wai a kai wa Kaka ta gyara.

Inna ta jawo rigar. Ta farke wuyan, ta tsaga gaban har ƙirji, ta kalmashe bakin da allura, ta sa maɓalli mai ɗan girma yadda ƙaramin yatsa zai iya ɓallewa. Kai ya wuce sumul. Kafin ta naɗe shi, ta jiƙa guntun sabulun da take zana yadi da shi, ta danna gefen hular a kai har shaidar haƙoran ta fito. La'asar ba ta yi ba soja ya kama hanyar Birnin Kudu da kayan sallarsa.

Yanzu da alli take zane. Sabulun yana cikin aljihun keke, naɗe a ragowar shaddar Malam. Zakaran kuwa ya yi ƙiba har ba ya iya hawa katanga, ta hana a yanka.