Almakashi a Ƙirjin Hijabi

Ku sababbin masu shara, tunda kun ji ana ce mini Mai Maganaɗisu, gara ku ji labarin daga bakina. Ranar da na samo sunan nan ba ta taɓa fita daga raina ba.

Lokacin ban daɗe da fara aiki a asibitin nan na Kabo ba. Kullum daga Durun nake zuwa, da 'yata Ummi a goye. Aikina shara da wanke kayan ɗakin awo, a ƙarƙashin Hajiya Sista, babbar ma'aikaciyar jinya. Ina cikin shayarwa na ji wani kullutu a mamana na hagu. Ban gaya wa kowa ba, har Malam, maigidana. Na ga yadda maganin sankara ya zubar wa gwaggota da gashi, ya hana ta cin abinci. In na dubi Ummi tana tsotso, sai in ce a raina wa zai riƙe mini ita.

Wata ranar awo aka kawo baƙuwa, 'yar Gwarzo mai bincike a jami'a, ta yi wa mata bayani. Ta ɗaga kwalba mai baƙin ruwa kamar tawada, ta ce garin ƙarfe ne a ciki, ya fi kwalli laushi nesa ba kusa ba. Ta kanga maganaɗisu a jikin kwalbar, baƙin nan duk ya taru wuri guda. Ta ce so suke su ɗora maganin sankara a kan garin, a sa a jini, a jawo shi daidai kan ciwon, sauran jiki ya huta. Ta ƙara da cewa har yanzu gwaji ake yi. Wannan ƙarshen ne bai shiga kunnena ba.

Ni kuwa na sha jin Hajiya Sista tana cewa jar ƙwayar nan ta ƙarin jini da ake ba masu jego akwai ƙarfe a cikinta. Ina komawa gida na ɓalle maganaɗisun tsohuwar rediyon Malam, na ɗaure shi da tsumma a kan kullutun, na ci gaba da shan ƙwayata.

Ran nan na sunkuya zan ɗauki farantin kayan aiki, sai ƙaramin almakashi ya manne a ƙirjina ta kan hijabi. Na miƙe yana lilo. Hajiya Sista ta dubi almakashin, ta dube ni. Ta sallami matan da ke ɗakin, ta rufe ƙofa.

"Hadiza, kwance in gani."

Na kwance ina kuka, na zayyana mata komai. Ta taɓa wurin a hankali, ta ce ƙwayar jini ba ta bin maganaɗisu, kuma ba ta maganin sankara.

"Hajiya, mutuwa zan yi?"

"Ba a kai nan ba, 'yata. Kano za ki, a duba."

Da kanta ta kira Malam ta yi masa bayani. Ranar tafiya ita ta goya Ummi har muka dawo.

Da sakamako ya fito, ashe nono ne ya taru ya daskare. Hajiya Sista ta karanta, ta yi hamdala, ta zauna a kan benci, sannan ta fashe da dariya har da hawaye. Wai tun ranar almakashi take riƙe da ita, har cikinta ya yi ciwo.

Abin da na koya ke nan a asibitin nan. Mata za su zo muku da laya, da ƙulli, da abin da ya fi nawa ban dariya, kuma tsoro ne ya ɗaura musu shi. Ku riƙe dariyarku sai sakamako ya fito. In da rabo, tare za ku yi ta.