Baƙin Kaskon Zalika

A Gangara, in aka ce Zalika mai sinasir, abu biyu mutane ke tunawa: kaskonta da bakinta. Ni ban riske ta da ƙarfinta ba. Na san ta tsohuwa, tana zaune a gindin aduwa tana yi wa jikokin unguwa faɗa. Abin da zan ba da a nan daga bakin kakata Kulu na ji shi, wadda danga ɗaya ta kara ta raba gidanta da na Zalika.

Kaskon ba na ƙasa ba ne irin wanda kowace mace take da shi. Faffaɗan ƙarfe ne mai kauri, shimfiɗaɗɗe kamar faifai. A shekarun da yaƙin Abzin ya lafa, Nasara suka zauna da gindinsu a Damargu, an kwashi maza, har da Sule mijin Zalika, zuwa aikin dole a barikin Tanut. Da ya dawo, bai zo da komai ba sai tari a ƙirji da wannan ƙarfe da ya tsinta a bayan bariki. Umaru maƙeri ya daidaita masa baki, ya yi masa kunnuwa biyu. Damina ta zagayo, tarin ya tafi da Sule, ƙarfen kuma ya zama shi ne mai ciyar da gidan.

Ran kasuwa Zalika kan kafa duwatsun murhunta a fili, kusa da masu sayar da gishiri, ta ɗora kaskon, ta riƙa zuba ƙullun gero mai tsami. Sinasir ɗinta ba ya kamawa. Takan sa ɗan kara ta ɗaga gefensa, sai ya taso gaba ɗaya, ƙasansa ja, samansa duk ƙananan huji. Buzaye da Fulani da suka sauko daga arewa sukan tsaya a kanta kafin ma su sauke kaya.

Ruwa bai taɓa kaskon nan ba. In ta gama suya, tun yana da ɗumi, sai ta kankare shi da sakaina. In wani abu ya maƙale, ta barbaɗa gishiri ta murza. Sannan ta tsoma tsumma a man gyaɗa ta shafe shi ciki da baya har kunnuwa, ta sake goge man kamar ta yi nadamar sa shi, ta mayar da shi kan garwashi sai hayaƙi ya ɗauke. Ba ta ajiye shi a kwance a ƙasa, domin raɓa da sanyin ƙasa su ne mafarin tsatsa. Da rani takan jingine shi a kan dutse ƙarƙashin rumfa ta lulluɓe da fatar akuya, da damina kuwa ta rataye shi a ɗaki. Shekara da shekaru man yana hawa kan mai, har kaskon ya yi baƙi ƙirin, yana sheƙi, santsi kamar tafin jariri. Wannan baƙin shi ne dukan sirrin, amma Zalika ba ta taɓa zama ta bayyana wa kowa ba. Abin da ta iya kawai shi ne, "Kada wanda ya taɓa mini kasko!"

Kakata Kulu kuwa 'yar makiyaya ce daga wajen Tenhiya. Aure ya kawo ta gidan manoma, ba ta san kowa ba, Hausar ma ta kasuwa ce a bakinta. Zalika ce ta koya mata tuƙin tuwo, da zagi. Ita ta yi mata wankan jego, da zagi. Shekarar da fari suka cinye geron Abdu, kakana, Zalika ce ke miƙo ƙwarya ta saman danga tana cewa, "Karɓi, ke marar wayo, kafin in sake shawara." Kulu tana kiran ta Yaya, kuma ba ta da wata yayar a faɗin garin.

Abu ɗaya Kulu ta fi kowa iyawa, shi ne wankin ƙorai. A inda ta fito, da farin ƙwaryarta ake gane mace. Duk lokacin da ta hangi baƙin kaskon nan, sai ta ji kunya ta kama ta a madadin Zalika. A ranta tana cewa, baiwar Allah, aiki ya yi mata yawa, ba ta samun sukunin wanke shi.

Wata shekara, ana gab da shuka, aka aiko daga Belbeji cewa 'yar Zalika ta haihu kuma jikin ba daɗi. Zalika ta rataye kaskonta a ɗaki, ta damƙa wa Kulu gida, ta bi ayarin jakuna. Al'ada ce in maƙwabciya ta yi doguwar tafiya a share mata gida, a wanke mata kaya, ta dawo ta tarar da komai fes. Kulu ta wanke ƙorai, ta wanke tukwane, sannan ta ɗaga kai ta ga kaskon. Ta ce yau dai za ta rama wa Yaya alheri.

Ta sauke shi, ta kawo toka da yashi da ruwa. Baƙin ya yi gardama, ita ma ta yi gardama, ta ɗauko dutse. Sai da ta kai ga farin ƙarfe, yana walƙiya kamar sabuwar wuƙa. Ta ɗauraye shi, ta kifa shi a ƙasa cikin ɗaki, ta tafi tana murna.

Da ta leƙo bayan an yi ruwa, sai ta tarar da shi ja wur. Ta ɗauka wankin ne bai isa ba, ta sake dirje shi. Tsatsa ta dawo da sauri fiye da ta farko. Haka ta yi ta fama dukan damina, ta dawo daga gona a gajiye ta zauna da toka da dutse, ba ta gaya wa kowa ba. Toka ta cinye mata hannuwa, 'yan yatsunta suka tsattsage.

Zalika ta dawo da kaka, ana yankan gero. Da safiyar ranar Kulu ta sake dirje kaskon, ta kawo shi da hannu biyu ta ajiye a gabanta. Fari ne, amma duk ya yi ƙananan ramuka, gefensa kuma ja-ja.

Kakata ta ce ta ga bakin Zalika ya buɗe, ta ga jijiyar wuyanta ta tashi. Sai idon Zalika ya sauka a kan hannuwan Kulu. Ta daɗe tana kallon su. Can ta ce, a hankali, "Madalla, Kulu. Kin sha aiki. Allah ya saka da alheri."

A ganina wannan ita ce magana mafi tsada da Zalika ta taɓa yi, domin da ƙyar ta haɗiye faɗan da ke bakinta, don tausayi. Amma kakata ta ce tana jin ta, sai ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. Da irin wannan muryar Zalika ke yi wa gardin kumandan, wato dogarin Nasara, magana in ya zo ya ci sinasir bai biya ba.

Ran kasuwa abin ya fito fili. Zalika ta shafa mai da gaggawa ta zuba ƙullu, ya kama ƙam. Na biyu ya yage. Wanda ya fita ma ɗanɗanon ƙarfe yake yi. Fatu mai fura, wadda ke zama kusa da ita, ta tambayi abin da ya sami kaskon, ta haɗa zancen da kanta, kafin la'asar labari ya kai bakin rijiya. A can Kulu ta ji mata suna dariyar 'yar daji da ta wanke arzikin maƙwabciyarta da toka. Sai a lokacin ta gane abin da ta yi.

Ta daina tsallaka dangar. Ta zauna tana jiran Zalika ta zo ta sauke mata kwandon faɗa, a wuce wurin. Zalika kuwa, don kada ta ƙara mata ciwo, ta ɗaure bakinta tamau. Kullum da safe sai ta ce ta saman danga, "Ina kwana, Kulu? Ina gajiya? Yaya yara?" Kulu ta amsa, ta shiga ɗaki ta yi kuka. Ni wannan wurin yana ba ni haushi har yau: mata biyu masu son juna, kowace tana kashe 'yar'uwarta da ladabi.

Da aka gama kai gero rumbu, Kulu ta roƙi Abdu ya bar ta ta je wurin danginta ta yi rani a can. Abdu mutum ne marar yawan magana, amma ya san in ta tafi da wannan zuciya, dawowarta sai an yi da gaske. Ya sami Zalika a ƙofar gida ya ce, "Yaya, ƙanwarki ta ɗaure kaya. Ta ce kin fitar da ita daga cikin naki. Wai tun da kika dawo gaisuwar baƙi kike mata."

Zalika ta shiga ɗaki, ta ɗauko kaskon da tsatsarsa, ta ɗora a ka. Ba ta zagaya ta ƙofa ba, ta ture dangar ta shiga. Kulu na tsugune a tsakar gida. Zalika ta jefar da ƙarfen a gabanta, har kaji suka watse.

"Ke Kulu! Ke wace irin sakarya ce? Wa ya aike ki? Baƙin da na yi shekaru ina tarawa, kika zauna kika kankare shi kamar ƙwaryar nono! Ƙarfe da ruwa? Wallahi ko akuya ta fi ki tunani. Kuma dubi hannuwanki, kamar ƙafar zabo. Ba ki da bakin tambaya ne? Tashi ki hura wuta!"

Kulu ta tashi, hawaye na zuba, tana dariya. Maƙwabta suka leƙo, suka ga abin da ake ciki, suka koma.

A tsakar gidan Kulu aka yi gyaran. Zalika ta dirje tsatsar da busasshen yashi da kanta, ba ta bar Kulu ta sa hannu ba. Suka ɗora shi a wuta ya yi zafi, Kulu ta shafa mai, hayaƙi ya tashi ya ɗauke, ya huce, ta sake shafawa. Farin ƙarfen ya koma ruwan ƙasa, ya fara duhu daga tsakiya. Zalika ta ce baƙin gaske sai an yi ta suya, ba aikin yini ɗaya ba ne, ramukan kuma sun zauna ke nan har abada. Ta soya albasa a kai ta zubar, sannan ta miƙa wa Kulu tsumman don shafawar ƙarshe.

Kulu, don son ta burge, ta tsoma shi sosai ta malala mai.

"Ya yi yawa! Danƙo kike so ya yi? Goge shi, marar wayo!"

Kulu ta sunkuyar da kai tana gogewa. Ta ce, "Yaya, ƙara faɗa mini. Ban ji ba."