Kazar Kaka da Boris ɗin Kekena

Jiya na tsaya wajen mai gyaran keke a Gaya ina jiran a ƙara wa babur ɗina iska, sai warin kalanzir da tsohuwar sarƙa ya doki hancina. Ban san lokacin da na fara dariya ni kaɗai ba. Warin nan ya mayar da ni tsakar gidanmu a Balan, shekarar da na gama firamare.

Bari in ba ka labarin daga tushe. Na sami gurbi a sakandare a Gaya, amma tsakanin gidanmu da makarantar ba tafiyar da yaro zai yi a ƙasa kullum ba ce. Damina ta zo ƙarshe, gero ya nuna, ana neman hannu a gona. Baba ya ce in haƙura bana, baɗi a gani. Yayana ma haka aka ce masa, kuma tun daga nan bai sake taka aji ba, don haka na san abin da maganar take nufi.

Kakana namiji, wanda duk gidan muke kira Malam, shi ne ya ce in shiga ɗakin tarkace bayan rumbu in fito da keken Baffa. Baffa ƙanen Baba ne. Ya sayo keken a gwanjo a Kano tun ban yi wayo ba, ya hau ya gaji, ya tafi kudu neman abinci ya bar shi. Ba irin baƙin keken manoma ba ne. Tayoyinsa masu kauri ne da haƙora, kansa a miƙe, ga giya har ban iya ƙirgawa ba, irin wanda aka ce an yi shi don hawan duwatsu. Sai dai tsatsa ta cinye shi, zanzaro ya yi ɗaki a ƙarƙashin sirdin.

Baba ya dube shi ya ce, "Ranar Litinin ake buɗe makaranta. In ya tashi kafin nan, yaro ya tafi. In bai tashi ba, ga magirbi can."

Wallahi ban taɓa jin daɗin aiki kamar na wannan makon ba. Malam ya shimfiɗa tsohuwar tabarma a inuwar darbejiya, duk ƙarfen da ya kwance sai ya jera shi kusa da wanda ya fita kafinsa, kuma ba wanda ya isa ya tsallaka tabarmar. Kaka, matarsa, ta jiƙa mana tsamiya a tsohuwar tukunya muka tsoma notuna su kwana. Da safe in ɗauko toka da yashi in yi ta dirza har yatsuna su yi ja. Rana ta uku fenti ya fara leƙowa daga ƙarƙashin dauɗar, ashe shuɗi ne. Na zagaya gidan nan da gudu ina nuna wa kowa, har da akuya.

Kaka tana daga bakin murhu tana tsokanata. Ka san tsakanin kaka da jika. "Maigidana," in ji ta, "in ka zama ɗan boko kar ka ɗauko min 'yar birni a bayan keken nan."

Ranar Asabar muka buɗe cibiyar ƙafar baya, inda ƙananan ƙwayoyin ƙarfen nan suke, waɗanda ake kira boris. In babu su taya ba ta juyawa. Malam ya wanke su da kalanzir, ya goge, ya ce in riƙe su kamar idona. Giris ɗinmu ya ƙare, sai Kaka ta ba mu man gyaɗar da ta matse da hannunta, mai ƙanshin ƙuli. Na shafa musu man, na zuba su a faifai, na ajiye a gindin turmi don kada su gangara. Ni da wayona ban tuna cewa nan ne daidai inda Kaka take watsa wa kaji tsaki kowace safiya ba.

Na je ɗebo ruwa na dawo, sai na tarar da jar kazar Kaka a tsaye kan faifan tana miƙa wuya tana haɗiya. Malam ya ƙirga sau uku. Bakwai babu.

Na tattara ragowar boris ɗin. Muka kai ɗaya wajen mai gyaran keken ƙauyenmu, ya juya ta a tafin hannu ya ce nasa duk sun fi ta girma. Wani maƙwabcinmu da ya shiga Gaya ya tambayo, aka ce masa irin wannan sai Kano. Kaka ta kife kazar da kwando, ni kuwa na tsuguna da tsinke ina binciken duk kashin da ta yi har magariba. Ban sami ko ɗaya ba. Malam ya ce ƙundu ba ya sakin ƙarfe.

Kazar nan ba kamar sauran ba ce a wurin Kaka. Ita ce mai yawan ƙwai, ita ke ƙyanƙyashe mata har da na zabi, kuma ko da Sallah ba ta bari a dube ta. Ban yi ƙarfin halin roƙonta ba. Ranar Lahadi da hantsi ina zaune kusa da keken da ba shi da ƙafar baya, ina jin Baba yana wasa magirbi a zaure, sai Kaka ta ɗaga kwandon, ta kama kazar ta fukafukai, ta miƙa wa Malam.

"Ungo, Malam. A yi bisimilla."

Da ta tsaga ƙundun, ga su nan a cikin tsakuwa da guntun dawa suna ƙyalli, bakwai cif. Na yi ihun da sai da maƙwabta suka leƙo ta katanga. Kafin la'asar Malam ya mayar da su gurbinsu ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaure, ya ɗaga keken ya murza feda. Tayar ta yi ta juyawa ba ƙara, kamar ba za ta tsaya ba. Na hau na nufi hanyar gona, na shiga yashin da ke kayar da manya na fita a guje, na taɓa giya na ji sarƙa ta yi tsalle ta koma wani haƙorin. Baba yana tsaye a ƙofar gida. Na ga ya sunkuyar da kai yana murmushi.

Da yamma aka ci tuwon gero da romon kaza. Kaka ta ce haƙoranta ba sa son nama, ta ci nata da miyar kuka. Ni kuwa hankalina yana kan keken, ko lura ban yi ba.

Yanzu ni ma koyarwa nake yi a Gaya. Yaran ƙauyenmu a kan babur da a-daidaita-sahu suke zuwa makaranta, boris kuwa kowane iri a leda ake sayar da shi a bakin titi, kafin ka gama gaisawa an miƙo maka. Ba wata tsohuwa da za ta sake rabuwa da kazarta saboda ƙwayar ƙarfe, kuma na yi murna da haka. Abin da ke damuna ɗaya ne. Ranar Litinin ɗin da aka buɗe makarantar, Kaka ta rako ni har zaure tana yi min addu'a, ni kuma ɗoki ya hana ni ko waiwaye. Ta rasu ina aji uku, ban taɓa ce mata na gode ba.