Kwandalar da Aka Buga Sau Biyu

Shekara talatin da 'yan kai Baba Agogo yana gyaran agogo a rumfa ɗaya, kuma babu kwandalar da ta taɓa shigowa hannunsa bai ɗora mata gilashinsa na ido ɗaya ba. Mai kuskuren bugu yake nema, wadda inji ya yi wa ba daidai ba tun a gidan buga kuɗi. Bai taɓa dacewa ba. Gwangwanin madara uku ya cika da waɗanda ya yi wa zato, matarsa tana kiransu gadon yara.

Sanin kwandala kam, yana da shi. Duk wanda ya kawo tasa da rawar jiki, da sanyin gwiwa yake komawa.

"Suɗewa ce," zai ce. "Yawon aljihu ragewa yake yi, ba ya ƙarawa. In rubutu ya shafe, hannun mutane ne. In ya ƙaru, ya taso da kaifinsa, to aikin inji ne."

Wata Laraba da hantsi maƙwabcinsa mai gyaran takalmi, mutumin da da kwandala yake kankare gam, ya miƙo masa wata.

"Yaya, duba min. Idona ne ya fara tafiya, ko lambobin nan tagwaye ne?"

Baba Agogo ya maƙala gilashi. Lambobin shekarar biyu-biyu ne, kowace a tashe, da kaifi kamar jiya aka bugo.

"A ina ka samo?"

"Canjin mai shayi. Kana tashi na zauna."

Wato da ya ƙara kofi ɗaya, da tasa ce! Baba Agogo ya kalli gefe.

"Suɗewa ce."

"Madalla. Dama ƙafar bencina ɗaya ta gaza, ta ishe ni da rawa."

Mai takalmi ya koma rumfarsa, ya kifa benci, ya ɗora kwandalar a ƙafar, ya saita ƙusa a tsakiyar lambobin, ya ɗaga guduma.

"Kai! Ajiye gudumar nan!"

Rabon da a ga Baba Agogo da gudu tun bikinsa. Takalminsa ɗaya ma a hanya ya bari.

"Yaya, ba ka ce suɗewa ba ce?"

"Suɗewa tana haihuwa ne, sakarai? Sau biyu inji ya buge ta. Ta gaske ce. Ni shekara talatin. Kai shayi ɗaya."

Yanzu kwandalar tana kwance kan auduga cikin gwangwanin man takalmi. Audugar ma Baba Agogo ne ya bayar. Kullum da safe mai takalmi yana zuwa aron gilashi, Baba yana miƙawa yana ƙunƙuni: ta gefe ake riƙewa, ba a gogewa, wanke hannun nan tukuna.

Shayi kuwa sau uku Baba Agogo yake sha a rana yanzu, shi da likita ya hana sukari. Da kuɗin takarda yake biya don a ba shi canji, kuma ba ya tashi sai kowa ya tashi.