Wasiƙar da ta Jira Arba'in a Cikin Langa

Ƙwas! Ƙarar murfin langa ke nan, ranar da na kife shi a kan wasiƙar Yayana. Har yau in na ji irin wannan ƙara a ɗakin wata, sai na yi salati a zuci.

A Kusada aka haife mu, mu biyu kaɗai Allah ya bar wa Inna. Da na gama sakandare aka yi mini aure aka kawo ni Kankia, gidan wani malamin makaranta. Yaya kuwa ya zarce har ya zama likita a wani asibitin koyarwa a birni, a shekarun nan da kuɗin fetur suka shigo, kowa na sayen rediyo da keke.

A lokacin ne wani ƙulli ya fito wa Inna a mama. Ta ɓoye shi fiye da shekara, don ba za ta iya buɗe ƙirji a gaban ɗan fari ba. Wari ne ya tona asirin. Yaya ya zo, ni na ɗaga mata zane, ita ta juya fuska bango. Ya ce sankara ce, kuma ta yi nisa. Ya ce akwai na'urar da ke ƙone irin wannan ciwo da wani haske da ido ba ya gani, amma tana can Kudu, bakin teku, masu iya aiki da ita kuma kaɗan ne ƙwarai.

Inna ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye. Ni take aike, ko da yana zaune a bakin ƙofa.

"Ke, tambayi wancan, gasa ni za a yi kamar tsire?"

"Ki ce mata ba wuta ba ce, haske ne."

"Ki ce mashi in dai haske ne, ga rana nan tsakar gida, kyauta."

Muka yi dariya, har da shi. Ba a kai ta Kudu ba, jikinta ba zai ɗauki mota ba.

Tun tana kwance Yaya ya cika takardun neman gurbin karatu a ƙasar waje, na matasan likitoci masu son koyon wannan aikin haske. Wanda aka ɗauka, su za su ɗauki nauyin jirginsa da zamansa da binciken da zai yi. Burinsa ya dawo ya sa a kawo na'urar Arewa. Da yake ana yawan canja masa wurin aiki, sai ya ba da akwatin gidan waya na makarantar maigidana.

"Amana ce, Auta," ya ce da ni. "Ba na jin amsa za ta zo kafin kaka, amma in ta zo ki riƙe mini da kyau."

Inna ta cika a farkon damina, ranar wata Laraba da hantsi. Bayan sadakar bakwai Yaya ya koma bakin aiki, ni na koma Kankia. Kwana biyu da komawata maigidana Malam ya shigo da ambulan mai bakin ja da shuɗi, da kan sarki na wata ƙasa.

"Ga saƙon surukina. Gobe ki ba direban motar birni ya kai masa."

"Haba Malam, ƙasar kabarin ma ba ta kwanta ba. In albishir ne, yaya zai yi murna? In akasin haka ne, a ƙara masa wani a kan wani? Ai zai zo arba'in, in sa masa a hannu."

"To ki buɗe mana ki gani. Turancin da kika karanta na ado ne?"

"Ba sunana ne a kai ba."

Ya ce, "Ke da ɗan'uwanki," ya fita masallaci. Haka muka taso: ba a shiga wa mai makoki da zancen duniya kafin arba'in. Na zaɓi langa mafi kyau a jerena, wadda Inna ta saya mini da aure, inda gara da ɗigon ruwa ba za su kai ba. Kullum in ina goge jere sai na leƙa, in ga tana nan, in ji na cika amana.

Ranar arba'in, bayan an raba waina an yi addu'a mutane sun ragu, na kira shi ɗakin Inna na miƙa masa da hannu biyu. 'Yata, mai shekara biyar a lokacin, tana jingine da ƙafata. Ya karanta sau ɗaya, ya koma sama ya duba kwanan wata, ya miƙo mini. An ɗauke shi. Amma a ƙasa an rubuta cewa in ba su ji daga gare shi ba cikin wata guda, za a ba na bayansa. Watan ya wuce.

"Yaushe ta zo?"

Na faɗa masa gaskiya.

Washegari zai buga musu waya, su amsa cewa an riga an ba wani. Zai sake nema, a ce an dakatar da shirin. Zai ƙare aikinsa yana rubuta wa mata masu ciwon Inna takardar tafiya Kudu, yana sane cewa da yawansu ba za su je ba. Duk wannan ban san shi ba a ranar. Abin da na sani, ya ninke takardar a hankali ya sa a aljihu.

"Ba komai, Auta. Allah bai nufa ba. Kin riƙe ta da kyau."

Ya fita. Na zauna a bakin gadon Inna ina jan carbi, ban san abin da nake faɗa ba. Can sai ga 'yata ta dawo daga tsakar gida, ta dafa gwiwata.

"Umma, Kawu ya ce ba komai, amma yana bayan rumbu, ya cusa hularsa a baki."